Kula da sigarin lantarki da lissafin kuɗin barin taba, mataki-mataki

Tun da na ajiye kwalin sigari shekara biyu da suka wuce, teburina na gyaran waya a Birnin Kebbi ya zama wurin kawo ƙarar sigarin lantarki, wato 'yar na'ura mai batir da ke mayar da ruwan nikotin tururi a zuƙa. Wannan ya zo da tasa tana yoyo a aljihu, wancan tasa ta ƙi cin caji, wani kuma ko saye bai yi ba, so yake ya ji nawa za ta riƙa ci masa a wata. Tambayoyin iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara amsar wuri guda.

Da baligin da sigari ta riga ta kama nake magana. Wanda bai taɓa shan taba ba, da yaron da bai kai shekara 18 ba, babu abin da za su samu a nan sai sabon kamu, domin nikotin ɗin da ke cikin sigari shi ne a cikin wannan ma. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su fara ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a ɗauke ta maganin barin taba ba. Hukumomin lafiya na Ingila kuwa suna ba mashaya shawarar komawa kanta, saboda babu ƙona ganye, kuma ƙonawar ce ke fitar da kwalta da gubar hayaƙi. A wani gwaji da aka yi can, aka wallafa a 2019, kan mutum 886, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun kai shekara ba su koma taba ba, masu cingam da filastar nikotin kuma kusan kashi 10. Ta fi taba sauƙin illa, amma ba lafiyayyen abu ba ce.

1. Fara da takarda da biro

Kada ka sayi komai tukuna. Yi kwana bakwai kana rubuta kowane karan da ka kunna, har da wanda aka miƙo maka a majalisa da wanda ka karɓa bashi wurin mai tebur. Yawancinmu ba mu san abin da muke kashewa ba saboda kara-kara muke saye, duk da cewa dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayarwa ɗai-ɗai.

Farashin kayan nan dala yake bi, don haka lambobin da ke ƙasa misali ne, ka cire su ka sa na kasuwarka. Mu ɗauka kara ₦100, na'ura ₦30,000, koyil ɗaya (ɗan ƙarfe mai auduga da ke zafafa ruwan, ana canza shi in ya tsufa) ₦3,500, kwalbar ruwan nikotin mai mililita (mil) 30 ₦10,000, kuɗin aiko da saƙo ta tasha ₦3,000 a wata. Idan na'urar ta yi shekara, ta tashi ₦2,500 ke nan duk wata.

Mai shan kwali guda, kara 20 a rana, yana kashe ₦60,000 a wata. In ya koma lantarki yana shan mil 3 a rana, kwalba uku ce ₦30,000, koyil huɗu ₦14,000, a haɗa da aike da kason na'ura, ₦49,500. Ya tsira da ₦10,500.

Mai kara goma yana kashe ₦30,000. Kwalba biyu da koyil uku da sauran tarkace sun kai shi ₦36,000. Bai rage komai ba, ƙari ma ya yi. Mai kara biyar kuwa, daga ₦15,000 zai tashi zuwa ₦22,500.

Wannan ne abin da masu talla ba sa faɗa. Labarin da kake gani a intanet cewa ana tara maƙudan kuɗi labarin ƙasashen da suka lafta wa taba haraji ne. A nan sigari araha take, kayan lantarki kuma daga waje suke zuwa. Mai kara biyar, shawarata gare shi ya je kemis mai rajista ko asibiti ya nemi cingam ko filastar nikotin ya yanke kai tsaye.

Hattara: a koma kan mai kwali guda. In bai iya kula da koyil ba, yana ƙona ɗaya duk kwana uku, goma ke nan a wata, ₦35,000. Lissafinsa ya haura ₦70,500, ya fi kuɗin tabar. Ribar da asarar duk a kan koyil suke, shi ya sa zan daɗe a kansa.

2. Zaɓen na'ura

Iri uku za ka tarar. Akwai ta sha-ka-yar, wadda ba a ƙara mata ruwa. Ita ce mafi araha ranar saye, mafi tsada a ƙarshen wata, kuma ba ka da tabbacin abin da aka ɗura a ciki. Birtaniya ta hana sayar da ita tun 1 ga Yunin 2025. Akwai babba mai kama da akwati, mai tada hayaƙi kamar an kunna bola, wadda ke shan ruwa da caji ba kaɗan ba. Sai ƙarama mai ɗan tanki da ake cirewa a ƙara ruwa, irin su Vaporesso XROS da Uwell Caliburn. Ita ta dace da mai barin sigari, domin zuƙarta ta yi kusa da ta kara.

Kafin ka biya, tambayi abu ɗaya: ana samun koyil ɗinta a ina? Na ga wanda ya sayo na'ura mai kyau daga Abuja, koyil ya ƙone a mako na biyu, daga Jega har Sakkwato babu irinsa, ta zama kayan ado. Sayi wadda ƙananan kayanta suka yawaita, kuma ka haɗa da kwalin koyil tun ranar farko. Nemi koyil mai lambar om (ma'aunin juriyarsa ga wutar lantarki) 0.8 zuwa 1.2, a jikinsa ake rubutawa.

Hattara: jabu sun yi yawa. Manyan kamfanoni suna sa lamba a jikin kwali da ake kankarewa a duba a shafinsu. In mai kaya ya ƙi bari ka duba, mayar masa da abinsa.

3. Zaɓen ruwa

Abu biyu za ka karanta a kwalba. Na farko ƙarfin nikotin. Mai kwali a rana ya fara da miligiram 18 zuwa 20 a kowane mil, mai kara goma ya nemi 10 zuwa 12, wanda bai kai haka ba 3 zuwa 6. In ka ga an rubuta 5%, miligiram 50 ke nan a kowane mil, ya ninka iyakar da Turai ta yarda da ita, wato 20, sau biyu da rabi. Jiri, tashin zuciya, shaƙuwa da bugun ƙirji alamar ya yi maka yawa ne. In kuma kana ta zuƙa ba ƙaƙƙautawa amma ranka na wurin mai tebur, ya yi maka kaɗan.

Na biyu kaurin ruwan. Za ka ga PG da VG da lambobi, wato sinadarai biyu da aka haɗa ruwan da su da kason kowanne, PG tsinkakke ne, VG mai kauri. Ƙaramar na'ura 50/50 take so. Mai 70 na VG ya cika kauri, ba ya ratsa auduga da wuri, musamman da sanyin hunturu, sai koyil ya ƙone. Ruwa mai zaƙi sosai ko mai duhu shi ma yana daskarewa a jikin koyil kamar ƙanzon tukunya, ya rage masa kwana.

Hattara: ban da ruwan da aka yi dominta, kada ka zuba komai. Ba turare, ba zuma, ba kayan shisha, ba kowane irin mai. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, mutum 2,807 aka kwantar a asibiti, 68 suka mutu, akasari saboda ruwan wiwi na bayan fage da aka gauraya da wani man bitamin E. Huhu ba ya karɓar mai.

Hattara ta biyu, kuma ta fi damuna: ruwan nan ƙamshin alewa yake yi, amma guba ne a cikin yaro. A kulle shi a akwati ko saman durowa. In yaro ya sha, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, a ɗauke shi da kwalbar a nufi asibiti nan take. In ya taɓa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15.

4. Jiƙa sabon koyil

Koyil ɗan siririn ƙarfe ne da aka kewaye da auduga. Batir ya zafafa ƙarfen, ruwan da ke cikin audugar ya zama tururi. In audugar a bushe take, ita ce za ta ƙone, kuma audugar da ta ƙone sau ɗaya ta tafi ke nan, babu wankin da zai dawo da ita.

Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa tsayawa gaban teburina ko injin bai kashe ba, ya ce, "Maigida, wanga abu ya mutu, jiya na saye shi, yau sai ƙauri." Na zare koyil ɗin na nuna masa a hasken fitilar gyara. Audugar da ya kamata ta zama fara ta yi baƙin tabo a gefe ɗaya kamar an ɗiga mata garwashi. Ashe yana zuba ruwa ya kai baki. Kuɗin wunin aikinsa ya tafi a zuƙa ɗaya.

Ga yadda ake yi. Wanke hannu. Kashe na'urar, yawanci da danna maɓalli sau biyar a jere. Ɗauki sabon koyil, za ka ga ƙananan ramuka a gefensa inda farar auduga ta leƙo. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kowane rami, ka ƙara biyu ta sama. Tura shi mazauninsa har ya zauna daram, ba a karkace ba. Cika tanki, ka tsayar da ita a tsaye, ka ba ta minti goma. Na san mai jin ƙishin nikotin minti goma shekara ce a wurinsa, to ka yi wannan aikin tun kafin ƙishin ya taso, ko ka tashi ka yi alwala ka dawo. Daga nan ja iska sau uku ba tare da ka kunna ba, sannan ka kunna ka fara da gajerun zuƙa.

In tankinka irin wanda koyil ke haɗe a ciki ne, babu ɗigawa, cikawa ce kawai da jira.

Hattara: in na'urarka ana saita mata ƙarfi, duba adadin wat, wato ƙarfin wuta, da aka rubuta a jikin koyil ka fara daga na ƙasa. Wanda aka rubuta wa 12 zuwa 16, kada ka kai shi 20 don neman hayaƙi.

Koyil da aka kula da shi yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Ɗanɗano ya dushe, tururi ya ragu, ruwan tanki ya fara duhu, to lokacin canji ya yi.

5. Cikawa da zuƙa

Ta ramin gefe ake zuba ruwa. Bututun tsakiya hanyar iska ce, duk abin da ya shiga nan bakinka zai dawo. Bar ɗan sarari a sama, ka mayar da marfin roba ya rufu ruf. Kada ka bari ruwa ya sauka ƙasa da ramukan auduga, ƙara tun yana sulusi.

Zuƙar ba irin ta sigari ba ce. A hankali ake ja, daƙiƙa uku zuwa huɗu, sannan a dakata kamar rabin minti auduga ta sake sha. Mai fizga da ƙarfi yana jawo ruwa cikin bututu, mai jerawa ba hutu yana busar da auduga.

6. Caji da batir

Nan ne sana'ata, kuma nan ne abin ke iya zama gobara. Batirin litiyam ne irin na waya, babban maƙiyinsa zafi. Kowa ya san Kebbi a watan Afrilu, zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kujerar babur. Kada ka bar ta a ɗayansu, kada ka ajiye ta a taga inda rana ke duka.

Yi caji da igiyar da ta zo da ita, da kan caja mai sauƙi, bolt 5, amfiya 1, sai in takardarta ta yarda da fiye da haka. Ɗora ta a kan siminti ko tebur, ba katifa ko ƙarƙashin filo ba. Tana cika ka zare. Kada ka jona ka kwanta da niyyar in an kawo wuta cikin dare ta samu, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ke kashe ƙaramin allon cikinta. Ni na fi son fawa bank, wutarsa ba ta hawa da sauka. In dole sai wurin mai caji, gaya masa ba ta wuce awa ɗaya zuwa biyu, kada ta wuni a jone cikin tarin wayoyi.

Kashe ta kafin ka sa a aljihu. Maɓalli yana dannuwa in ka zauna, koyil ya yi ta ci ba ka sani ba.

Hattara: in ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko jikinta ya kumbura, ko ka ji wani wari mai kaifi, zare ta ka kai ta fili a kan ƙasa nesa da kaya, kuma ka daina amfani da ita. Masu babbar na'ura mai batirin 18650 da ake cirewa, kada batirin ya zauna tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi, ƙarfe yana haɗa kansa da gindinsa ya tashi da wuta a cinyar mutum. In ledar jikinsa ta yage ko kaɗan, ajiye shi. Mai tafiya ta jirgin sama ya riƙe ta a jakar hannu, ba a sa ta a kayan awo.

Matacciyar na'ura ba ta bola ba ce. Bolarmu ƙonawa ake yi, yara kuma suna tono. Naɗe bakin batirin da salatif ka kai wa mai gyaran waya ya haɗa da matattun batiran da yake tarawa.

7. Tsabta

Duk dare, zare tankin ka duba ƙasansa. Za ka ga ɗan gumi a kan ƙananan ƙarafa masu launin zinare. Goge da tishu, ka bi ramin na'urar da tsinken goge kunne. Minti ɗaya ne, amma rabin na'urorin da ake kawo mini da sunan sun mutu wannan gumin ne ya ratsa cikinsu. Da hunturu ƙura tana toshe ramin caji da ramin iska, sa ta cikin 'yar jaka, ka riƙa share ramin da tsinken sakace a hankali, ba allura ba.

Duk mako, in tankinka irin wanda ake cire wa koyil ne, kwance shi, ajiye koyil gefe, wanke sauran da ruwa mai ɗumi. Yi wankin a cikin kwano, don zoben robar da ke hana yoyo ƙanƙane ne, in ya faɗi a ƙasa ba ka ƙara ganinsa. Shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. Tankin da koyil ke haɗe a ciki ba a wanke shi, canzawa ake yi. Jikin na'ura mai batir kuma ba ya shiga ruwa ko kaɗan.

Hattara: bakinta naka ne kai kaɗai. Al'adar miƙa kara a majalisa kada ta biyo ka nan, mura da ciwon baki ta nan suke yawo.

8. In ta ba da matsala

Yoyo: zafi yana tsinka ruwan, sai ya bi ta ramin iska. Riƙa ajiye ta a tsaye, duba ko zoben roba ya tsinke, duba ko tanki ya tsage. In babu ko ɗaya, koyil ne ya tsufa.

Ƙarar gurgur da tartsatsin ruwa a harshe: ruwa ya cika bututu. Zare tanki, naɗe bakin da tishu, ka yarfa shi ƙasa sau uku ko huɗu.

Fitila tana ƙiftawa ba tururi: goge ƙarafan zinaren nan, mayar da tanki ya zauna sosai, gwada caji. In ta ci gaba, gwada wani koyil kafin ka yanke mata hukunci.

Ƙauri: tsaya nan take. Kada ka ce bari ka lallaɓa da shi zuwa ƙarshen wata, hayaƙin ƙonanniyar auduga kake kai wa huhunka. Shi ya sa nake cewa kullum a samu koyil biyu a ajiye, kuma a yi odar sabo tun saura biyun. Saƙo daga Kano ko Abuja yana iya kwana uku a hanya, kuma a cikin kwana ukun nan ne mutane da yawa suke komawa wurin mai tebur.

9. Yanke tabar, sannan rage nikotin

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne haɗa biyu, lantarki a ofis, sigari bayan tuwon dare. Mai yin haka yana biyan kuɗi biyu, jikinsa kuma bai huta ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan kara 20. Don haka sa rana, kada ta wuce mako biyu da sayen na'ura. Daren ranar ka fitar da kwali da ashana da laita daga ɗaki, ka biya mai tebur bashinsa, ka gaya masa ka daina. Ni sai da na canza wurin shan shayi na wata guda, domin hannuna da kansa yake neman kara da zarar an ajiye mini kofi.

Makon farko za ka ji bushewar baki da ɗan tari, yawaita shan ruwa. In tarin ya zo da ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, ajiye ta ka ga likita.

Bayan wata biyu ko uku ba ka taɓa taba ba, fara sauka da ƙarfin nikotin: daga miligiram 20 zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, kana ba kowane mataki kamar wata guda. In ka sauka ka ga ruwan da kake sha ya ninka, ka yi gaggawa, koma matakin baya na mako biyu. Azumi yana taimakawa ƙwarai, tunda ita ma tana karya shi kamar sigari, jiki ya riga ya saba da wuni babu. Wanda ya shiga Ramadan a kan miligiram 3, ya ƙayyade wa kansa zuƙa bayan buɗa-baki kawai, a goman ƙarshe ya bar ta a gida in zai tafi tahajjud, kada kuma ya yi odar wata kwalbar in wadda ke hannunsa ta ƙare.